Ƙwarya a Kife

Litinin, 6 ga Yuni 2005, ƙarfe huɗu na yamma

Farfesa Oladipo, shugaban sashenmu, ya kira ni ofishinsa. Ya rufe ƙofa, ya jawo aljihun tebur, ya ɗago wata takarda da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera. Ta jiƙe da mai, tana ƙamshin ƙosai.

"Dokta Martina, kin san wannan?"

Na sani mana. Shafi na uku ne na jingar da nake ba 'yan ajin ƙarshe a kwas ɗina na nazarin addini. Kowace shekara nakan haɗa su bibbiyu, in ce su ƙirƙiri al'ummar da babu ita a duniya, su ƙirƙira mata addini, su rubuta shi da bakin mabiyi, da harshen gida, ba Turanci ba. Sannan su yi musanye, kowa ya feɗe na wani: me wannan ibada take yi wa jama'a, wa take ba iko, wane tsoro take kwantarwa. Yaro ba ya iya feɗe addinin ubansa hannunsa bai yi rawa ba, kuma ba zan miƙa masa na maƙwabcinsa ba, bayan abin da muka gani a Kaduna. Ɗalibin likita ma da gawa yake farawa, ba da uwarsa ba.

Farfesa ya karanta a hankali, da Hausarsa ta tsohon mazaunin Sabon Gari: "Mu Masu Kasa Kunne ba ma kiran salla, ba ma kaɗa ƙararrawa, domin Mahalicci ba kurma ba ne. Ranar sauraro mukan kife ƙwarya a bakin ƙofa, kuma ba a faɗa a gaban ƙwarya a kife."

Na ce wannan aikin ya fi na kowa kyau bana.

Ya ce a unguwar Muchia aka tsince shi, kuma liman da fasto duk sun aiko, karo na farko da ya ji sun yi baki ɗaya. A ƙasan shafin ga sunan ɗalibina Othniel da lambarsa. Dokata ce a sa suna a kowane shafi, don ni na gaji da takardun da ke ɓata.

Za a kafa kwamiti. "Idan yaron ya rubuta ne don kansa, matsalarsa ce. Idan jinga ce, matsalar sashe ce." Ya dube ni ta saman tabarau, wai ko na gane. Na gane. In na ce ban san takardar ba, a kori Othniel saura wata guda ya gama, mu kuma mu sha iska.

Ba fushi nake ba.

Litinin ɗin dai, bayan cin abinci

Su biyu suka yi aikin. Sunan ɗaya ne ya fito. Sunan ɗayar ba zan rubuta shi ba, ko a nan.

Laraba, 8 ga Yuni, da hantsi

Na hau bas zuwa Sabon Gari don in ga hanyar da addini ya bi ya fita daga ajina. Shagon Chuks ne, mai buga takardu da fotokwafi, inda yaran ke zuwa don ya fi na Samaru sauƙi. Da ya ga shafin ya dafe kai.

"Madam, abeg, ba ni ba ne, injin ne. Ranar nan ya yi ta cin shafi na uku, yana fitar da baƙin layi a gefe. Na sake, ya ɓata, na sake, ya ɓata."

"Ina waɗanda suka ɓaci?"

"Ai ba ma zubar da takarda a nan. Mama Bibiana ke kwashewa."

"Suna fa? Su biyu ne suka yi aikin."

"Layin ƙasa gajere ne, Madam. Wanda ya kawo, shi na sa."

Mama Bibiana tana suya a bakin titin Muchia, babbar mace mai dariya da dukan jikinta. Na gaya mata ko ni wace ce, ta ce in zauna tukun, ba a magana da yunwa.

"Ni fa 'yar'uwa ba na karanta takarda, naɗewa nake. Ta makaranta ma ta fi jarida, jarida tana sa wa ƙosai baƙi."

Na tambaye ta ko mutum nawa suka tafi da shafin. Ta ce duk wanda ya karya kumallo a wurinta wancan makon. Masu acaɓa, teloli, 'yan ƙwaya, ladanin masallacin bayan gareji.

Manzanni sun yi tafiyar ƙasa da ƙasa a ƙafa kafin a ji su. Wannan da ƙosai aka raba shi, da yaji.

Alhamis, da safe

Ba fushi nake ba. Na fasa kofi, amma dama ya tsage.

Asabar, 11 ga Yuni, bayan ruwa ya ɗauke

Yau na ga abin da ban taɓa karantawa a littafi ba, ni da na cika ɗaki da littattafai.

Na koma Sabon Gari sayen kifi, na bi ta Unguwar Gabas. Tun da aka halicci ƙwarya, mace in ta wanke ta, kife ta take yi ta tsane. Yau duk ƙofar da na wuce ƙore suna kallon sama, cike da ruwan sama, wasu har da ganye a ciki. Na tsaya wurin wata tsohuwa na ce, "Iya, ba kya kife su? Sauro zai yi ƙwai."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke baƙuwa ce? So kike a ce da ni 'yar ƙwarya?"

'Yan ƙwarya. Har an raɗa musu suna.

Na tambaye ta su wane ne. Ta ce ba ta sani ba, amma suna nan da yawa, ba sa salla, ba sa zuwa coci, kuma in suka kife maka ƙwarya bakinka zai mutu. Na ce ta taɓa ganin ɗaya? Ta ce ai ba a ganinsu, abin tsoron ke nan.

Na dawo gida na manta kifin a bas. Addinin da ba shi da mabiyi ko ɗaya, ga shi ya sauya yadda matan unguwa guda ke shanya kwanuka. Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa imani ke fara zuwa, sannan ibada, sannan hani. Wannan ta wutsiya ya fito: hani tukun, kuma a hannun maƙiyansa. To wa ke riƙe da addini, mai yi ko mai tsoro? Ina so in tambayi wani, kuma duk waɗanda zan tambaya sun mutu a Turai tuntuni.

Litinin, 13 ga Yuni, tsakar rana

Othniel ya zo. Dogo ne, ɗan tela, iyayensa mutanen wajen Zonkwa ne amma a nan unguwar Jama'a aka haife shi. Kullum rigarsa a goge. Yau ba a goge take ba.

Na ce zan gaya wa kwamiti jinga ce, ni na ba da ita. Ya ce ya sani, bai taɓa shakka ba. Abin da ya kawo shi daban ne.

"Ma, kowa ya san yadda kike haɗa mu. Ɗaya daga coci, ɗaya daga masallaci. In kika ce jinga ce, za su ce ina ɗayan."

Ban yi tunanin wannan ba. Ni da nake taƙama da kaifin kai.

"Ma, ki ce ni kaɗai ne. Ni namiji ne, ko an kore ni zan yi ɗinki."

Na ce ya rufe min baki. Na ce ban karantar da shi shekara huɗu don ya je yana yi wa mutane kalmasa ba. Ya yi murmushi, ya ce kalmasa ma ilimi ce. Na kore shi daga ofis.

Jimlar nan ta "ba kurma ba ne" ma ba tasa ba ce, ta abokiyar aikinsa ce. Ya gaya min tun ranar da suka kawo aikin, yana dariya: gidansu yarinyar yana tsakanin lasifika biyu, ɗaya ta wa'azi, ɗaya ta taron farkawa, kuma kakarta ba ta da lafiya, ba ta samun barci.

Laraba, 15 ga Yuni, bayan lacca

Na shiga aji na ajiye littafin darasi. Na ce yau kowa ya faɗi abin da ya ji a gari game da 'yan ƙwarya, mu rubuta a allo.

Sai Nnenna, shugabar aji, wadda uwarta ke da shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari, ta ɗaga hannu. "Ma, an ce ba sa cin gishiri." Wani ya ce suna taruwa a bakin dam ranar Talata. Wani ya ce daga Kamaru suka zo. Wani ya ce a'a, Turawa ne ke ba su kuɗi. Na gefensa ya ce shi Larabawa ya ji. Allo ya cika. Babu ko ɗaya daga ciki a shafi na uku.

Nnenna ta sake ɗaga hannu. "Ma, kar ki yi fushi. An ce shugabarsu mace ce. Wata Dokta, mai faɗa."

Ajin ya fashe. Ni ma na yi dariya har na zauna.

Na ce to, ku duba allo. Wa ya rubuta wannan littafi mai tsarki? Wani yaro daga baya ya ce, "Gari ne, Ma." Na ce me garin yake so da shi? Aka yi ta gardama, Musulmi da Kirista, ba wanda ya kare gidansu, don ba gidan kowa ake taɓawa ba. Wata ta ce mutanen Sabon Gari sun gaji da tsoron juna, shi ya sa suka samo wanda za su ji tsoro tare. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Da ina da iko da a wurin zan ba ta digiri.

Ban taɓa yin lacca mai daɗin wannan ba. Abokiyar aikin Othniel tana layi na biyu, ba ta ɗago kai ba har muka tashi.

Juma'a, 17 ga Yuni, da yamma

Ba zan rubuta abin da na gani a shagon baban Othniel ba. Keken ɗinki ƙarfe ne, shi kaɗai wuta ta rage.

Asabar

Ba wanda ya mutu. Kowa sai faɗa min yake ba wanda ya mutu, kamar kyauta aka ba ni.

Lahadi, 19 ga Yuni, bayan sujada

Kowane ɓangare yana cewa yaran ɗaya ɓangaren ne suka yi. Ban tambaya ba. Iyayen sun tafi Zonkwa da abin da ya saura, Othniel yana kwana ɗakin abokinsa a Samaru.

Fastonmu ya yi wa'azi a kan kyarketai masu shigar tumaki, waɗanda suka yi karatu har ya fi ƙarfinsu. Bai dube ni ba, sai dai duk zumuntar mata ta dube ni a madadinsa. Na riƙe littafin waƙa na rera da ƙarfi fiye da kowa. A wannan cocin aka yi min baftisma, a nan aka yi wa mijina addu'ar ƙarshe. In suna jiran in tashi, su nemi kujera.

Abin da ya dame ni a hanya: lasifikarmu. Yau ne na fara jin ƙarfinta. Akwai gida a jikin katangar coci, ban taɓa tambayar wa ke kwance a ciki ba.

Talata, 21 ga Yuni, da hantsi

Yarinyar ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murɗa gefen hijabinta. Ta ce za ta je wurin kwamiti ta faɗa.

Na ce, "In kin faɗa, shagon zai dawo?"

Ta ce a'a.

"Othniel zai tsira?"

Ta ci gaba da murɗa gefen hijabin.

"To za a kori biyu maimakon ɗaya, kuma ke ba ki da Zonkwa da za ki gudu. Ki koma ki yi karatu."

Ta ce, "Ma, ni fa ban yi saɓo ba. Ina salla. Gaskiya ce kawai, ba kurma ba ne."

Na ce na sani, 'yata. Ban taɓa ce wa ɗaliba 'yata ba. Ina tsufa.

Alhamis, 23 ga Yuni, da la'asar

Malam Shu'aibu ya leƙo. Shi ke koyar da ɓangaren Musulunci a sashenmu, kuma an sa shi a kwamiti. Tun muna ƙananan malamai muke gardama a kan shayi. Yana ce min Hajiyar Coci, ina ce masa Alaramma.

"Hajiyar Coci, an ce kin zama annabiya ba ki gayyace mu walima ba."

"Alaramma, ai ku ne manyan mabiyana. Ba don ku da fastoci ba, da tuni an manta."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce ya karanta aikin gaba ɗaya, ba shafi na uku kaɗai ba, kuma da a ajinsa ne zai ba shi maki mai kyau, bayan ya ja kunnen mai shi. Ya ce amma ranar Litinin, a zaman kwamiti, dole a yi tambayar, kuma in ba wanda ya yi, shi zai yi, don ba zai zauna a kwamiti ya yi kamar bai san yadda nake haɗa yara ba.

Na ce ya yi aikinsa.

Ya ce, "Ke ma za ki yi naki, na sani. Shi nake tsoro."

Ba fushi nake ba. Da shi dai ba fushi nake ba.

Asabar, da safe

Na wanke kwanuka. Na tsinci kaina ina ajiye ƙwaryar koko tana kallon sama. Ni! Na tsaya ina dubanta kamar wadda aka kama da sata.

Litinin, 27 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

An yi.

Mutum biyar a bayan tebur, fanka tana juyi ba iska. Othniel a gefe, wani ya ara masa riga, hannun ya yi masa gajere. Na ce jinga ce, ni na ba da ita, ga manufarta. Wani daga ofishin mulki ya ce me ya sa ba zan koyar daga littafi ba kamar kowa. Na ce littafin ma wani ne ya zauna ya yi tunani, ina so yaran su san yadda ake yi. Ya ce ba a kawo su nan don su yi tunani a kan addini ba. Na ce to a sauya sunan sashen. Farfesa Oladipo ya rufe ido.

Sai Malam Shu'aibu ya gyara murya. "Dokta, bibbiyu kike haɗa su. Wane ne na biyu?"

Na ce, "Ni ce. Bana ajin bai cika bibbiyu ba, Othniel ya rasa abokin aiki, na haɗu da shi. Shi ya tsara al'ummar. Jimlar da ta tayar da gari tawa ce."

Othniel ya buɗe baki. Na dube shi irin duban da nake yi wa mai satar amsa. Ya rufe.

Suka aika a kira shugabar aji. Wannan ban shirya masa ba, ban gaya wa kowa komai ba. Nnenna ta shigo, aka maimaita mata abin da na ce. Ta san ƙarya ce. Duk ajin sun sani, a gabansu na haɗa Othniel da yarinyar. Ta dubi fanka, ta dubi takalminta.

"Haka ne, sir. Kowa ya san Ma da lasifika ba sa shiri."

Suka ce za su iya tambayar sauran 'yan ajin. Ta ce, "Suna waje, sir. Dukansu."

Da gaske suna waje, a kan baranda, masu hula da masu sarƙar gicciye. Na ofishin mulki ya leƙa, ya tambayi biyu, ya dawo ya zauna.

Malam Shu'aibu bai ƙara tambaya ba. Ya daɗe yana rubutu, ban san me yake rubutawa ba.

Alhamis, 30 ga Yuni

Othniel zai zauna jarrabawa. An karɓe kwas ɗin daga hannuna, an hana jingar, an ba ni takardar gargaɗi. Zangon gaba zan koyar da 'yan ajin farko yadda ake jera sunayen littattafai a ƙarshen rubutu.

Yanzu kam fushi nake. Na rubuta, in huta.

Litinin, 4 ga Yuli, da safe

An fara jarrabawa. Na hango Othniel yana shiga zaure, rigar a goge.

Da na iso ofis na tarar da ƙwarya a bakin ƙofata, ƙarama, sabuwa, a kife. Ba takarda, ba suna. Na san hannun da ya ajiye ta, ko kuma ban sani ba. Ajin da yawa. Na tsallake na shiga, na bar ƙofa a buɗe, na zauna ina kallonta. A ƙa'idar da nake koyarwa, abu yana zama mai tsarki ne ranar da mutane suka ware shi suka daina taɓawa. Ban taɓa zaton zan ga ranar da idona ba, balle a kan simintin sashenmu.

Can sai ga Malam Shu'aibu, da sauri, fuska a ɗaure. Na san abin da ya kawo shi. Mako guda yana haɗiye shi: na yi ƙarya a gabansa, ya sani, kuma ya sa hannu a kai. Ya zo mu yi ta, ni ma na shirya, har na tanadi amsoshi.

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Ya dubi ƙasa.

"Hajiyar Coci, an bar miki ƙwarya a hanya."

"Na gani, Alaramma."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tattare babbar rigarsa don kada ta taɓa ta, ya raɓa ta gefe, ya shigo ya zauna. Na zuba masa shayi. Daga nesa ana jin mai gadin jarrabawa yana kiran lambobi.

Har shayin ya huce ba mu yi faɗan ba, ƙwaryar tana nan a kife.